Tallafin Bincike daga Ƙetare da Jami'o'in Karkarar Nijar: Abin da Gonakin Magarya da Dungas Suka Nuna

Gabatarwa

Tallafin bincike, a ma'anar da wannan maƙala ta ɗauka, shi ne kuɗin da wata hukuma ko gidauniya ke bai wa malamin jami'a ko ayarin manazarta domin su amsa wata tambaya ta ilimi cikin ƙayyadadden lokaci, bisa sharaɗin su kawo sakamakon aikin tare da lissafin yadda aka kashe kowace tamma. Ya bambanta da tallafin karatu, wanda ake bai wa ɗalibi don biyan kuɗin makaranta da ci da sha, haka kuma ya bambanta da kwangilar bincike, inda mai kuɗin ne ke tsara tambaya, ya yanke kwanakin aiki, ya karɓi rahoto ya mallake shi. Rarrabe waɗannan ukun wajibi ne tun daga farko, domin a bakin jama'a duk sunansu ɗaya, kuɗin waje, alhali tasirin kowannensu a kan jami'a daban yake.

Maƙalar ta ɗauki gundumomin Magarya da Dungas da ke kudancin jahar Damagaram a matsayin fagen nazari, har da ƙaramar hukumar Mallawa da ke kan iyakar Najeriya, saboda yanki ne da aka sha yin bincike a kansa da kuɗin ƙetare, ga shi kuma yana da jami'ar gwamnati a babban birnin jaharsa. Abin da take son tabbatarwa shi ne cewa masu bayar da tallafi suna nan da yawa, amma jami'ar da ba ta da ɗan kuɗin bincike nata na kanta, mai zuwa a kan kari kowace shekara, ba ta da bakin zaɓen tambaya, kuma duk inda aka je neman tallafi sai dai a kira ta rakiya.

Sababbin jami'o'i da nauyin da ke kan malamansu

Shekaru da dama duk ɗan Nijar da ke son karatun jami'ar gwamnati a cikin ƙasa Yamai yake nufa, inda cibiyar ilimi mai zurfi da aka buɗe a 1971 ta zama jami'a a 1973, aka kuma raɗa mata sunan Abdou Moumouni, masanin makamashin hasken rana, a 1992. A 2008 aka buɗe cibiyoyin koyar da fasaha a Maradi da Tawa da Damagaram, waɗanda suka zama harsashin jami'o'in da aka kafa a garuruwan uku a 2010, sannan a 2014 aka ƙara wasu huɗu a Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Ta Damagaram a yau tana ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihin da ya wallafa littafinsa kan daular Damagaram ta ƙarni na 19 a 1971.

Malamin waɗannan jami'o'i ba ya samun ƙarin girma sai ta hanyar CAMES, wato majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, wadda aka yanke shawarar kafa ta a Yamai a 1968 kuma mazauninta ke Wagadugu. Kwamitocinta na duba takardun malami, su ƙirga maƙalolin da ya wallafa a mujallun ilimi da ɗaliban da ya duba kundayensu, kafin su ɗaga shi daga wannan matsayi zuwa na gaba. Ke nan an wajabta masa bincike, amma kasafin jami'a, kamar yadda kowa ya sani, albashi da hidimar koyarwa da ciyar da ɗalibai ne ke lashe mafi yawansa. Malamin da ke son auna ƙasar noma a Mallawa yana buƙatar mai, da hayar babur don shiga ƙauyukan da mota ba ta kaiwa cikin damina, da sallamar matasan da za su taya shi tambayar manoma, da kuɗin aika samfurin ƙasa zuwa ɗakin gwaji a Yamai ko cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore. Idan babu mai biyan wannan, ko dai ya taɓa albashinsa, ko ya haƙura da binciken.

Gawo a gonakin kudancin Damagaram

Babu misalin da ya fi fito da wannan al'amari fili kamar labarin dawowar itatuwa a gonakin Magarya da Matamai da Mirya. Bayan farin shekarun 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985, ra'ayin da ya kafu a rahotannin hukumomin duniya shi ne cewa hamada na cin kudancin Nijar, kuma yawan jama'a zai ƙarasa ɗan abin da ya rage na itace. A daidai wannan lokaci ne manoman yankin suka shiga yin abin da ake kira sassaben zamani, wato idan manomi ya zo sharar gona sai ya bar tohon da ya fito daga kututture ko daga iri, ya zaɓi rassa biyu ko uku mafi ƙarfi ya datse sauran, ya kuma kare su daga wuta da bakin awaki har su miƙe. Itacen da suka fi bari shi ne gawo, saboda halinsa ya saɓa wa na sauran itatuwa: yakan zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen da ya zuba ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi ƴaƴa a lokacin da ciyawa ta ƙare. Wanda ya taɓa tsayawa a gonar gero a watan Agusta zai ga cewa karan da ke ƙarƙashin gawo ya fi na fili tsawo da duhun ganye.

Wannan aiki ya ɗauki kusan shekaru ashirin yana gudana ba tare da ya shiga kundin ilimi yadda ya kamata ba. Sai a 2006, da kuɗin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, masanin gandun daji ɗan Nijar Mahamane Larwanou da abokan aikinsa, cikinsu har da Chris Reij na wata jami'ar Amsterdam ta ƙasar Holan, suka fitar da nazarin da ya ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan ɗaya na gonaki a gundumomin Magarya da Matamai da Mirya sun sake samun itatuwa. A wancan lokaci Dungas da Mallawa suna cikin gundumar Magarya, domin sai a 2011 aka ba Dungas gundumarta. Gray Tappan na hukumar nazarin ƙasa ta Amurka ya gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan Adam, kuma daga waɗannan ayyuka ne aka samo ƙiyasin da ya zaga duniya, na hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a faɗin kudancin Nijar. Wani abin lura da nazarin ya nuna shi ne cewa a jahar Damagaram manoma ne da kansu suka yaɗa dabarar ba tare da wani babban shiri na waje ba, saɓanin yankin Maradi inda Tony Rinaudo na ƙungiyar SIM ya fara ƙarfafa ta tun 1983.

Ya kamata a yi wa wannan tallafi adalci: ba don shi ba da ƙila har yau ana maimaita tsohon zance, kuma da manomin Magarya bai sami yabon da ya cancanta ba. Sai dai tambayar da ya dace masana su yi wa kansu ita ce, me ya sa canji mai girman haka, wanda ke faruwa a gefen hanyar mota, sai da aka jira kuɗi daga Washinton kafin a auna shi? Masanan ƙasa suna gani, wasunsu ma ƴaƴan manoman ne, amma ba su da kuɗin man da zai kai su gonaki shekara bayan shekara, ba su kuma da damar sayen hotunan sama. Har ila yau, tambayoyin da suka biyo baya, irin su wa ke da ikon sare gawon da ke gonar aro ko ta jingina, da yadda mata ke samun itacen girki yanzu da kowane itace ya sami mai shi, da yadda ake sasantawa da makiyaya masu sassabe reshe don dabbobi, tambayoyi ne da ke buƙatar manazarcin da ke zaune kusa, mai jin harshen mutane, wanda zai riƙa komawa gari ɗaya tsawon shekaru goma. Tallafin ƙetare kuwa galibi shekara biyu zuwa biyar yake yi ya ƙare.

Akwai misalin da ya nuna ɗaya fuskar, kuma daga Maradi yake. Buhun adana wake da ake kira PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda ke hana ƙwaro numfashi har ya mutu ba tare da an zuba magani ba, an samo shi ne daga binciken jami'ar Purdue ta Amurka, aka kuma yaɗa shi daga 2007 da kuɗin gidauniyar Bill da Melinda Gates. Amma gwaje-gwajen da suka tabbatar da ingancinsa a yanayin Sahel, da yawansu a tashar INRAN ta Maradi aka yi su, inda masanin ƙwari Ibrahim Baoua ya jagoranci aikin, sunansa kuma ya fito a sahun gaba na maƙalolin da aka wallafa. Dalilin bambancin a bayyane yake: INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa da aka kafa a 1975, tana da tasha da ɗakin gwaji da ma'aikata na dindindin kafin kuɗin ya iso, don haka baƙin suka tarar da abokin aiki a tsaye. Zuwa da wuri, in ji Hausawa, ya fi zuwa da wuri-wuri.

Inda takalmin ke matsewa

Ƙofofin da malamin Damagaram zai iya ƙwanƙwasawa ba kaɗan ba ne. Akwai TWAS, ƙungiyar masana kimiyya ta ƙasashe masu tasowa da Abdus Salam ya kafa a 1983 a Tiriyeste ta Italiya, mai ba da ƙananan tallafi na sayen kayan gwaji. Akwai CODESRIA a Dakar tun 1973 ga masu nazarin zamantakewa. Akwai hukumar DAAD ta Jamus, da shirin WASCAL kan sauyin yanayi wanda Jamus ke ɗaukar nauyi kuma yake da reshe a jami'ar Abdou Moumouni. Akwai gidauniyar McKnight da ke tallafa wa binciken gero da dawa da wake tare da ƙungiyoyin manoma a Nijar da Mali da Burkina Faso. Shirin Research4Life kuma yana bai wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙarancin kuɗin shiga damar karanta dubban mujallun ilimi kyauta, muddin cibiyar ta yi rajista.

Cikas na farko shi ne harshe, domin mafi yawan sanarwar neman tallafi da Ingilishi suke fitowa, malamin Nijar kuwa da Faransanci ya yi karatu. Na biyu shi ne tsarin kuɗi: mai bayarwa yana son ya ga asusun banki na musamman, da akawun da ya san ƙa'idojinsa, da rahoton mai binciken kuɗi mai zaman kansa, kuma sabuwar jami'a da ba ta da ofishin kula da tallafi takan faɗi a wannan mataki ko da tambayar binciken tata ta fi ta kowa kyau. Daga nan sai a ba wata babbar jami'a ta Turai ko Amurka shugabancin aikin, ita ce za ta karɓi abin da ake kira kason hidima, wato wani kaso na tallafin da ake warewa don wutar lantarki da gyaran gine-gine da albashin ma'aikatan ofis na cibiyar da ta karɓi kuɗin. Wannan kaso shi ne ainihin abin da ke gina jami'a, kuma shi ne ba ya isowa Damagaram idan matsayinta na mai tattara bayanai ne kawai.

Na uku ba a cika ambatonsa ba, amma ga mai binciken noma shi ne mafi ciwo, wato saɓanin kalandar ofis da ta damina. Ruwan shuka a Dungas yakan sauka ne tsakanin Yuni da Yuli, girbin gero kuma ya zo a Satumba zuwa Oktoba. Idan sa hannu kan yarjejeniya ko turo kashin farko na kuɗi ya makara da wata biyu, to gwajin wannan shekara ya tafi, ɗalibin digirin digirgir da ke jiran sakamakon ya yi asarar shekara guda, wa'adin tallafin kuwa yana ta tafiya. Jami'ar da ke da ɗan asusun da za ta ranta wa malaminta kuɗin iri da taki da mai kafin na waje ya iso ta tsira daga wannan, kuma adadin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba.

A nan ne kwangilar bincike ke samun shiga. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a yankin, musamman tun bayan matsalar abinci ta 2005, suna buƙatar rahotanni na gaggawa, suna kuma biya da kyau cikin makonni. Ba laifi ba ne malami mai iyali ya karɓa. Sai dai Jean-Pierre Olivier de Sardan, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa cibiyar LASDEL a Yamai a 2001, ya daɗe yana jan hankali cewa kwangila na janye ƙwararru daga bincike mai zurfi, domin rahotonta ba ya bi ta hannun masu tantancewa, sau da yawa ma ba a yarda a wallafa shi ba, ga shi CAMES ba ta ɗaukarsa da nauyin maƙalar mujalla.

Ɗalibai

Ɗalibin da ya fito daga Mallawa ya ci jarrabawar kammala sakandare, dogaronsa na farko shi ne alawus ɗin hukumar ANAB ta gwamnati, wanda jinkirin biyansa ya sha jawo yajin karatun ƙungiyar ɗalibai ta USN. Guraben karatu na waje sun fi zuwa daga Maroko da Aljeriya da Turkiyya da Sin da Rasha, da kuma Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, yayin da ƙungiyar OWSD ke ware nata ga matan ƙasashe marasa ƙarfi masu neman digirin digirgir a fannonin kimiyya. Abin da ke kayar da ɗan karkara yawanci yakan faru tun kafin a duba ƙwazonsa: takardar haihuwa da sunanta bai yi daidai da na takardar shaidar karatu ba, fasfo da sai an yi tafiya mai nisa, kuɗin fassara takardu, da intanet da ke yankewa ranar rufe rajista. Ga kuma ƴan damfara da ke tallan guraben bogi a Facebook da WhatsApp suna neman a turo kuɗin rajista. Ofishi ɗaya a jami'a mai ma'aikaci ɗaya da ya san kalandar waɗannan guraben, yake kuma duba takardun ɗalibai kafin su aika, zai ceci da yawa daga cikinsu.

Bayan Yulin 2023

Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da abin da ya biyo bayansa sun nuna yadda igiyar take da rauni. Faransa da Tarayyar Turai sun dakatar da taimakonsu, Bankin Duniya ya tsayar da fitar da kuɗi na wasu watanni, a Satumban shekarar kuma Faransa ta daina ba ɗaliban Nijar da Mali da Burkina Faso biza, har da waɗanda suka riga suka sami gurbi, kafin ta rufe ofishin jakadancinta a Yamai a Janairun 2024. A Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, a cikin wannan shekarar kuma gwamnatin Amurka ta rushe USAID, wato hukumar da ta biya kuɗin nazarin gawo. Ko wane ra'ayi mutum yake da shi kan siyasar waɗannan matakai, sakamakonsu ga ɗakin gwaji ɗaya ne: aikin da aka faro ya tsaya a tsakiya, ɗalibin da ke rabin kundinsa ya rasa mai ɗaukar nauyinsa, ba don ya gaza ba.

Asusun gida da hanyar Kano

Ƙasashen Afirka sun yi alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikin da suke samarwa a shekara don bincike, alkawarin da ya samo asali tun daga shirin Legas na 1980, kuma kaɗan ne suka kusanci cika shi. Nijar tana da asusun tallafa wa binciken kimiyya da ake kira FARSIT, Burkina Faso tana da FONRID tun 2011, amma misalin da ya fi cancantar nazari shi ne na Najeriya. Sakamakon gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, dokar 1993 ta ɗora harajin ilimi na kashi 2 cikin 100 a kan ribar kamfanoni, dokar 2011 ta mayar da asusun wannan haraji ya zama TETFund mai kula da manyan makarantun gwamnati kaɗai, a 2023 kuma aka ɗaga harajin zuwa kashi 3. Asusun yana da nasa kurakurai, amma ƙarfinsa shi ne kuɗinsa ba ya jiran rahamar kasafin shekara. Jahar Damagaram, wadda matatar man SORAZ ke aiki a cikinta tun 2011, tana da hujjar neman a yi irin wannan tsari, a kuma ware wa jami'o'in jahohi kasonsu a rubuce, don kada komai ya tsaya a Yamai.

Bayan asusun gida, mafita ta biyu tana kusa da hannu. Daga Damagaram zuwa Yamai kimanin kilomita 900 ne, zuwa Kano kuwa bai kai 250 ba, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin ta Magarya take bi. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin noman busassun yankuna, CDA, wadda ta faro da tallafin gidauniyar MacArthur, ta kuma shiga jerin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ya fara tallafawa a 2014. A lokacin wannan shiri, tsarin biyan kuɗin cibiyoyin ya dogara ne da sakamako, kuma ɗalibin da ya zo daga wata ƙasar yankin, musamman mace, ya riƙa jawo wa cibiya kuɗi fiye da ɗan gida, abin da ya sa ɗalibar Dungas a Kano ta zama abar nema. Ƙasar noma iri ɗaya ce a Mallawa da arewacin Jigawa, gero da wake da riɗi ɗaya ne, dabbobin yankin kuma kasuwar Maigatari suke sauka. Malamin Damagaram na da Faransanci, na Kano na da Ingilishi da gogewar ofishin tallafi, harshen da za su yi aiki da shi a gona da ɗakin taro kuwa Hausa ne, wanda kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki.

Irin wannan haɗin gwiwa ba zai tsaya da fatan alheri kaɗai ba, domin rufe iyaka da yanke wutar lantarki daga Najeriya da aka gani a 2023 sun nuna cewa siyasa na iya katse shi. Yana buƙatar rubutacciyar yarjejeniya tsakanin jami'o'in biyu da za ta fayyace yadda za a daidaita digirin tsarin CAMES da na hukumar jami'o'in Najeriya, da yadda kuɗi za su riƙa wucewa tsakanin sefa da naira ba tare da canji ya cinye kasafi ba, da yadda za a raba kason hidima. Ya kamata kuma kowace yarjejeniya, da Kano ce ko da wata jami'ar Turai, ta ƙunshi sharaɗin ajiye kwafin dukkan bayanan da aka tattara a ɗakin karatun jami'ar André Salifou, da sanya sunan duk malamin gida da ya yi aikin a kan maƙala, da ware kuɗi tun a kasafin farko don komawa Mallawa da sauran garuruwan yankin a bayyana wa manoma sakamakon da Hausa, a dandalin gari ko ta gidajen rediyon karkara, kafin lokacin sharar gona.